Magungunan gina jiki da ƙara kuzari: ire-irensu, tarihinsu da illarsu, daga Miskine zuwa gasar Olamfik

A kasuwar magunguna ta bakin titi, irin wadda ake gani a Miskine da Kilomita Biyar a birnin Bangui, ana haɗa abubuwa da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, wato maganin ƙarfi. Mai ɗaga ƙarfe yana neman abin da zai kumbura masa damtse. Ɗan ƙwallo ko ɗan kabu-kabu yana neman abin da zai hana shi jin gajiya. Budurwar da bikinta ya matso kuma tana neman abin da zai ciko mata jiki. Su ukun suna iya tsayawa a gaban tebur ɗaya, amma abin da kowannensu zai saya daban ne, aikinsa a jiki daban, haɗarinsa ma daban. Sanin wannan bambanci shi ne matakin farko na kariya, domin akwai maganin da barinsa nan take shi ne alheri, akwai kuma wanda barinsa rana ɗaya yake iya kai mutum kushewa.

Iri uku da ake rikitawa

Iri na farko shi ne siteroyid mai gina tsoka, wanda takardun Faransanci ke kira stéroïdes anabolisants. Kwaikwayo ne na testosteron, sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ke sa yaro in ya balaga muryarsa ta buɗe, gemu ya fito, tsoka ta yi kauri. Sunayen da aka fi gani a jikin kwalba ko kwali su ne testosterone, nandrolone da ake sayarwa da sunan Deca-Durabolin, da Sustanon, da Dianabol, da stanozolol da aka sani da Winstrol. Wasu na allura ne, wasu na haɗiya. Akwai ma na dabbobi da mutane ke karkatarwa zuwa jikinsu: boldenone da aka yi don dawaki, da trenbolone da ake amfani da shi wajen kiwon shanu a Amurka.

Iri na biyu shi ne wanda ake kira corticoïdes, dangin cortisone: dexaméthasone, prednisolone, bétaméthasone. Su ma siteroyid ne a wajen masana kimiyya, shi ya sa ake ruɗa su da na farko. Amma ba sa gina tsoka, zaizaye ta ma suke yi in an daɗe ana sha. Aikinsu na asali shi ne kwantar da kumburi a ciwon asma, amosanin gaɓɓai da wasu cututtukan fata.

Iri na uku ba siteroyid ba ne ko kaɗan. A nan tramadol yake, maganin ciwo dangin ofiyom, da cyproheptadine mai buɗe ciki, da magungunan sa fitsari irin su furosémide, waɗanda masu gasar nuna jiki ke sha don tsotse ruwan jikinsu.

Miskine, Kilomita Biyar da hanyar da kaya ke bi

Kilomita Biyar, ko PK5, tana gunduma ta uku ta Bangui, kuma ita ce cibiyar kasuwancin birnin. Hausawa, Fulani, Barebari da 'yan asalin Cadi da Senegal sun daɗe suna saye da sayarwa a cikinta. Miskine, wadda ke gunduma ta biyar, maƙwabciyarta ce, kuma kafin rikicin 2013 da 2014 Musulmi da Kirista suna zaune cuɗe da juna a unguwar. Rikicin ya kori iyalai da dama zuwa Cadi da Kamaru, ya rusa sana'o'i, ya kuma ƙara raunana asibitoci da hukumomin da ya kamata su sa ido a kan magani.

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da gaɓar teku. Mafi yawan kayan da ke shiga Bangui suna biyowa ta hanyar Douala, su ratsa Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar, wasu kuma suna tsallako kogin Ubangi daga Zongo ta Kwango. Magani mai rajista da marar rajista duk waɗannan hanyoyi suke bi. Ƙananan shagunan da mutanen Bangui ke kira mini-pharma, waɗanda a Yamai da Bamako ake ce wa irinsu pharmacie par terre, suna sayar da magani ƙwaya-ƙwaya, ba takardar likita, kuma a farashin da talaka zai iya biya. A irin wannan kasuwa, abin da ya fi sauƙin samu shi ne tramadol da dangin cortisone. Siteroyid mai gina tsoka ya fi tsada, kuma a ko'ina a duniya an fi samunsa ta hannun abokan ɗaga ƙarfe, matafiya da masu talla a intanet.

Son ƙarfi ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Dambe da kokawa sun girmi kowane gidan motsa jiki na zamani, kuma tun 1975 Nijar ke shirya gasar kokawa ta ƙasa da ake cin takobi. Abin da ya sauya shi ne siffar jikin da ake buri. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna yadda matasan unguwar Kara-Kara ke ɗaga ƙarafan da suka haɗa da hannunsu, inda ƙirar jiki ta zama abin neman girma ga wanda ba shi da aiki. Wayar hannu kuma ta kawo hotunan zakarun duniya har cikin ɗaki. A garin da aikin gadi, dako da rakiyar manya ke cikin 'yan ayyukan da saurayi zai samu, faɗin ƙirji jari ne, kuma mai sayar da magani ya san haka.

Daga ɗakin bincike zuwa filin wasa

A 1935 ne masu bincike a Amsterdam suka ware testosteron, kuma a shekarar Adolf Butenandt na Jamus da Leopold Ruzicka na Suwizalan suka gano yadda za a harhaɗa shi. An ba su kyautar Nobel a 1939. Likitoci sun yi amfani da shi, har yau ma suna yi, ga mazan da jikinsu ba ya samar da isasshe, da yaran da balagarsu ta yi jinkiri, da majinyatan da ciwo mai tsanani ya ƙarar da naman jikinsu.

A shekarun 1950 ya shiga hannun masu ɗaga nauyi. Kamfanin Ciba ya fitar da Dianabol a 1958, kuma wani likitan tawagar Amurka, John Ziegler, ya yaɗa shi a tsakanin 'yan wasa don su kamo na Tarayyar Sobiyet. Daga baya shi kansa ya yi nadama da ya ga yadda suke ninka abin da ya rubuta musu. Jamus ta Gabas ta mai da abin tsarin gwamnati: daga 1974 an riƙa bai wa dubban 'yan wasa ƙwayar Oral-Turinabol, cikinsu har da 'yan mata ƙanana da aka ce musu bitamin ne. Bayan haɗewar Jamus, kotu a Berlin ta samu shugaban hukumar wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da laifi a 2000.

An fara gwajin siteroyid a Olamfik a Montreal a 1976, amma abin da ya farkar da duniya ya faru ne a Seoul a 1988. Mutanen Bangui suna tuna wannan gasa da wani dalili na farin ciki, domin tawagarsu ta ƙwallon kwando, wadda ta ci kofin Afirka a 1987 bayan wanda ta ci a gida a 1974, ta buga a can. Ran 24 ga Satumba, Ben Johnson na Kanada ya gama tseren mita 100 a daƙiƙa 9.79. Bayan kwana uku aka ƙwace lambar zinariyarsa saboda an samu stanozolol a fitsarinsa. Amurka ta sa siteroyid cikin jerin magungunan da doka ta tsananta a kansu a 1990, sannan a Nuwamban 1999 aka kafa Hukumar Yaƙi da Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari ta Duniya, WADA, wadda masu Faransanci ke kira AMA.

Yau mafi yawan masu shan siteroyid ba 'yan gasa ba ne. Wani nazari da Dominic Sagoe, ɗan Ghana da ke Jami'ar Bergen ta Norway, ya jagoranta a 2014 ya tattara binciken ƙasashe da yawa, ya ƙiyasta cewa kashi 3.3 cikin 100 na mutanen duniya sun taɓa amfani da shi: kashi 6.4 a maza, kashi 1.6 a mata. Masu motsa jiki don sha'awa sun fi ƙwararrun 'yan wasa yawa a cikin masu sha.

Yana aiki, kuma a nan tarkon yake

Shekaru da dama likitoci suna cewa siteroyid ba ya ƙara komai, su kuwa masu ɗaga ƙarfe suna ganin akasin haka a madubi. Wannan ya sa suka daina sauraron gargaɗin likita gaba ɗaya. Binciken Shalender Bhasin da abokan aikinsa a Amurka a 1996 ya warware gardamar. Cikin mako 10, mazan da aka yi wa allurar testosteron mai yawa kuma suna ɗaga ƙarfe sun ƙaru da kusan kilo 6 na tsoka. Waɗanda suka ɗaga ƙarfe ba magani sun ƙaru da kusan kilo 2.

Saboda haka maganar ba ta ko yana aiki ba ce, maganar ita ce abin da ake biya. Jikin namiji baligi yana samar da 'yan miligiram kaɗan na testosteron a rana, ƙasa da 10 a mafi yawan mutane. Masu gina jiki sukan sha ninki 10 har zuwa ninki 100 na abin da likita zai rubuta wa majinyaci, kuma sukan haɗa iri biyu ko uku a lokaci guda.

Haihuwa, zuciya da hanta

Illar da ta fi kusa, kuma wadda ba a cika faɗa wa saurayi ba, ita ce ta haihuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke auna yawan testosteron a jini. In ta ga ya yi yawa, sai ta daina aika umarni ga maraina. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi su ragu ko su ɓace. Wannan tasiri yana da ƙarfi har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, kuma sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna mafi yawan waɗanda aka yi wa sun daina samar da ƙwayar haihuwa cikin wata shida. Bayan an daina, jiki kan ɗauki watanni, wani lokaci shekara ɗaya ko biyu, kafin ya dawo daidai, wasu kuma ba sa dawowa yadda suke. A al'ummar da ake fara ɗora wa mace laifi in haihuwa ta yi jinkiri, mace tana iya shekaru tana yawon asibiti da gidajen masu magani, alhali dalilin yana cikin kwalbar da mijinta ya ɓoye.

Jiki kuma yana juya wani kaso na rarar testosteron zuwa sinadarin mata. Daga nan nono ke fitowa a ƙirjin namiji, kuma in ya kafu sai tiyata. Ƙuraje sukan cika baya da kafaɗa, sanƙo ya zo da wuri ga mai gadonsa.

Zuciya ita ma tsoka ce, kuma tana kauri kamar sauran, sai dai kaurinta rauni ne. Siteroyid yana rage kitse mai amfani a jini, ya ƙara mai toshe jijiyoyi, ya tayar da hawan jini, ya sa jini ya yi kauri. Sakamakon shi ne bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a shekarun da ba a saba ganinsu ba. A Denmark an bi diddigin maza 545 da gwaji ya kama a gidajen motsa jiki, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna yawan mutuwa a cikinsu ya ninka na tsararsu sau uku.

Na haɗiya sun fi cutar da hanta: suna jawo shawara, idanu da fitsari su yi ɗorawa, wani lokaci ƙari ya fito a hantar. Wannan ya fi tsanani a yankin da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, kamar Afirka ta Tsakiya, Cadi, Kamaru, Nijar da arewacin Najeriya, inda mutane da yawa ke ɗauke da cutar ba su sani ba. Tsoka kuma tana girma da sauri fiye da jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi, shi ya sa jijiyar damtse ko ta ƙirji kan tsinke a tsakiyar atisaye.

Yaron da bai gama tsayi ba yana da nasa haɗarin, domin siteroyid yana rufe wuraren da ƙashi ke tsawo, ya tsaya a inda yake har abada. Mace kuwa muryarta kan yi kauri, gashi ya fito mata a fuska, al'ada ta rikice, kuma muryar ba ta komawa ko da ta daina.

Ta ɓangaren hali, wasu sukan zama masu saurin fushi da rashin barci lokacin da suke kan magani. In suka daina sai kasala, mutuwar sha'awa da baƙin ciki mai tsanani su biyo baya, saboda jiki ya daina samar da nasa sinadarin kuma na waje ya yanke. Wannan ne ke mai da mutum ga allura. Masu bincike sun ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na masu amfani da shi suna kaiwa matakin da ba sa iya bari.

Masu gasar nuna jiki suna ƙara wani haɗarin a kwanakin ƙarshe kafin hawa dandamali, lokacin da suke tsotse ruwan jikinsu. Mohammed Benaziza, ɗan asalin Aljeriya da ke wakiltar Faransa, ya rasu a Holan a Oktoban 1992 jim kaɗan bayan ya ci wata gasa, yana da shekara 33. Andreas Münzer na Ostiriya ya bi shi a 1996 yana da shekara 31.

Maganin ƙiba da man shafawa

Siteroyid ɗin da ya fi shiga gidaje a yankin nan ba na masu ɗaga ƙarfe ba ne. Shi ne dangin cortisone da ake sha don a yi ƙiba, wanda a ƙasar Hausa ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, sau da yawa a haɗe da cyproheptadine. Wani bincike da aka yi a Kinshasa, aka buga a 2016, ya samu fiye da kashi 70 cikin 100 na mutane kusan 500 da aka tambaya sun yi amfani da cyproheptadine, akasari don neman ƙiba.

Dexaméthasone magani ne mai daraja a hannun likita. A Yunin 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford sun nuna yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu cutar korona da ke kan na'urar numfashi. Amma ƙibar da yake kawowa kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ruwa da gishiri ne ke taruwa a jiki, kitse ya koma fuska, wuya da ciki, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Fata takan yi laushi ta tsattsage. Bayan haka sai ciwon sukari, hawan jini, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki, wanda ke buɗe ƙofa ga tarin fuka. Man bilicin mai ɗauke da clobétasol ko bétaméthasone yana iya yin irin wannan ɓarna in an daɗe ana shafe jiki da shi, domin fata tana tsotse shi zuwa jini.

Abu mafi muhimmanci game da wannan iri shi ne yadda ake barinsa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da cortisone na jiki. In mutum ya yi makonni yana shan na kanti, sai ta kwanta. Ranar da ya yanke sha gaba ɗaya, jini na iya faɗuwa, amai da suma su biyo baya, har a rasa rai. Ragewa ake yi sannu a hankali bisa tsarin da likita ya shata.

Tramadol

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fara sayar da tramadol a 1977 don ciwo matsakaici zuwa mai tsanani. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ko 100 ce. Ta kan titi kuwa takan kai 120, 200, 225 har 250. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce kashi 87 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da aka kama a duniya a 2016 an kama su ne a yammaci, tsakiya da arewacin Afirka. Indiya, inda aka fi yin sa, ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018.

Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo da gajiya yake yi. Ɗan wasan da ya sha yana ci gaba da gudu a kan gwiwar da ta riga ta samu rauni. Da yawansa yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi, musamman in an haɗa da giya ko maganin barci, kuma yana kama mutum kamar sauran danginsa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar Tour de France ta 2022. Daga 1 ga Janairun 2024 WADA ta haramta shi a lokacin gasa a dukkan wasanni.

Abin da dokar wasanni ta ce

WADA tana sabunta jerin abubuwan da aka haramta a ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Siteroyid mai gina tsoka da magungunan sa fitsari haramun ne a kowane lokaci, ko ana gasa ko ba a yi. Dangin cortisone na sha ko na allura haramun ne a lokacin gasa. Hukuncin wanda ya sha da gangan dakatarwar shekara huɗu ce tun 2015. Ƙa'idar da ta fi kama mutane ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Mai ciwon da dole sai ya sha haramtaccen magani yana neman izini tun da wuri, takardar da ake kira AUT a Faransanci.

Misalan suna kusa da gida. André Onana, mai tsaron gidan Kamaru, an dakatar da shi shekara ɗaya a Fabrairun 2021 lokacin yana Ajax, saboda furosémide. Ya ce maganin matarsa ya sha bisa kuskure, kotun wasanni ta duniya ta yarda ba da niyyar maguɗi ba ne, amma duk da haka wata tara ta bar masa. Chika Amalaha ta Najeriya tana da shekara 16 aka ƙwace zinariyar ɗaga nauyi da ta ci a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014. An cire Blessing Okagbare daga Olamfik ta Tokyo a Yulin 2021, daga baya aka dakatar da ita shekara 11. Paul Pogba an yanke masa shekara huɗu a kan sinadarin DHEA, kafin a rage zuwa wata 18 a Oktoban 2024.

Maguɗin yana da wanda yake cuta ko bayan mai sha. A Sydney a 2000 tawagar Najeriya ta tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu ta zo ta biyu a bayan Amurka. A 2008 Antonio Pettigrew na Amurka ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, kuma sai a 2012 aka mai da zinariyar ga Najeriya. Sunday Bada, ɗaya daga cikin 'yan tawagar, ya rasu a Disamban 2011, bai ga wannan rana ba.

Matafiya ma su lura, domin dokar ƙasa ba ɗaya ba ce. A Faransa, safarar magungunan ƙara kuzari ga 'yan wasa na iya jawo ɗaurin shekara biyar da tarar Yuro 75,000. Ɗan saƙon da aka ba mutum ya kai wa wani a Paris, Jidda ko Dubai yana iya zama sanadin kama shi a filin jirgi.

Jabu da allura

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A kasuwar siteroyid ta bayan fage abin ya fi haka muni: wani nazari na 2022 da ya haɗa gwaje-gwajen ƙasashe da dama ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku ba abin da aka rubuta a jiki ne ke ciki ba. Garin furotin da sauran kayan ƙarin abinci ma ba su tsira ba. A binciken da ɗakin gwaji na Cologne ya yi a farkon shekarun 2000 a kan kaya 634 daga ƙasashe 13, kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran da ba a ambata a kwalinsu ba.

Allura tana da nata bala'in. Sirinji ɗaya ga mutum biyu, ko kwalba ɗaya da kowa ke zuƙa, hanya ce ta sida da ciwon hanta nau'in B da C. Ruwan da aka haɗa a wuri marar tsabta yana haifar da maruru mai zurfi a cinya ko ɗuwawu, wanda sai an tsaga. Masu yi wa damtse allurar mai don ya kumbura kuwa ba tsoka suke samu ba, ƙari ne da ke iya ruɓewa.

Wanda ya riga ya fara

Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa, ɗorawar ido, fitsari mai duhu, mutuwar ɓarin jiki ko tunanin kashe kai alamomi ne na zuwa asibiti a ranar, ba gobe ba. A Bangui akwai Hôpital Communautaire, Hôpital de l'Amitié da babban asibitin koyarwa na CNHU, kuma Institut Pasteur tana gwaje-gwajen jini. Abin da ya fi taimaka wa likita shi ne a zo da kwalin ko kwalbar, a faɗi tsawon lokacin da aka yi ana sha da kuma abin da aka haɗa. Gwajin hawan jini, sukari, hanta, ƙoda da ciwon hanta nau'in B su ne na farko. Ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri, gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da arha, ya kamata a fara da shi.

Malamai da iyaye suna da abin faɗa a nan, tunda kare rai, hankali da zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma waɗannan magunguna ukun duk suke taɓawa. Amma tsangwama takan sa saurayi ya ƙara ɓoyewa. Mai gidan motsa jiki da kocin unguwa sun fi kowa kusa da shi, su ne kuma ke fara ganin wanda jikinsa ya sauya cikin wata biyu.

Tsoka tana ginuwa ba magani, sai dai tana son lokaci. Masana abinci sun nuna kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana ya wadatar da mai ɗaga ƙarfe, wato kusan giram 110 ga mai kilo 70. Gozo, tuwon rogon da aka fi ci a Bangui, yana cika ciki amma furotin ɗinsa kaɗan ne, saboda haka sai an haɗa da wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifin Ubangi ko nama. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, giram 100 na gyaɗa kuma kusan 25. Sauran shi ne ƙara nauyi a hankali, barcin awa bakwai zuwa takwas, da hutun kwana ɗaya ko biyu ga tsokar da aka wahalar kafin a koma kanta.